Muhawara: "Kisan kai" ko "kashe kai"? Yaya za mu faɗi suicide da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata matsalar aiki ce ta hana ni sakat tun jiya. Ni nake fassara labaran safe a wani gidan rediyo. Jiya 10 ga Satumba, ranar da aka ware a duniya don hana abin da Turawa ke kira suicide, wato mutum ya ɗauki ransa da hannunsa, aka miƙo mini rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya mai cewa sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara. Lokaci ya ƙure, sai na rubuta "ranar yaƙi da kisan kai ta duniya", aka karanta haka. Ko minti goma ba a yi ba wani dattijo ya bugo waya yana sa mana albarka, wai gara da aka ware rana, ko 'yan bindiga sa ji tsoron Allah. Jikina ya yi sanyi. Dattijon bai yi kuskure ba, abin da na rubuta shi ya ji. To wace kalma ce daidai? Ita kanta suicide ɗin daga ina ta fito?

Malamin Nahawu: Wa alaikumus salam. Ba kai kaɗai ba ne, ɗan'uwa, na sha ganin wannan a jaridu. Matsalar tana cikin kalmar "kai". Aiki biyu take yi mana. Akwai "kai" mai komawa ga mai aikin, kamar a son kai, yabon kai, dogaro da kai, 'yancin kai. Akwai kuma "kai" da ke tsaye a madadin mutum sukutum, kamar yadda ake cewa kuɗin kai. A "kisan kai" na biyun ne: an kashe wani rai. Shi ya sa ake cewa an gurfanar da wane bisa laifin kisan kai, kuma kowa ya san ba gawa aka kai kotu ba. Idan mutum shi ya yi wa kansa, Bahaushe da jimla yake faɗa: ya kashe kansa, ta kashe kanta. Suna guda ɗaya tilo ne ba mu da shi tsayayye. "Kashe kai" shi ne mafi kusa, kuma shi nake ba ka shawara.

Ɗan Zazzau: Malam, ai muna da shi. Ƙunar baƙin wake fa?

Malamin Nahawu: A'a. Wannan wani abu ne daban, kada a haɗa.

Ɗan Zazzau: To ai duk sanda aka ce suicide bomber a labarai, "ɗan ƙunar baƙin wake" muke ji. In ka cire bam ɗin me ya rage?

Hajiya Kaka: Ɗana, bari in ba ka yadda na ji shi a bakin kakata, Allah ya jiƙanta. Ta ce wani ɗan sarki aka yi wanda ya addabi gari. Ba ya hawan doki, mutane yake hawa. Duk wanda ya ga dama sai ya ce a kamo shi ya durƙusa, ya hau gadon bayansa yana duka. Ba mai iya tanka masa. Ran nan layi ya zo kan wani mutum da ake kira Baƙin Wake. Ya durƙusa, ɗan sarki ya hau, shi kuwa ya riƙe ƙafafunsa gam ya ruga da shi cikin wata gobara da ke ci, su biyun suka ƙone. Gari ya huta. To ka ga wanda ya yi ƙunar baƙin wake akwai wanda yake so ya tafi da shi. Mutuwar kasko ce. Yaron da baƙin ciki ya ci shi a ɗaki shi kaɗai, wa ya tafi da shi?

Ɗan Zazzau: Hajiya na gode. Ni kuma yadda na ji, ba mutum ba ne, waken ne kansa: tunda baƙi ne, ko ya ƙone ba a ganewa. Amma na karɓi bambancin.

Malamin Nahawu: Labarin baka ne, kowane gida da yadda yake ba da shi. Abin lura shi ne karin maganar ta girmi bam nesa ba kusa ba. Da can in mutum ya yi abin da zai cuce shi don dai ya cuci wani, sai a ce ya yi ƙunar baƙin wake. Sassan Hausa na rediyo suka ɗauke ta suka ɗora wa masu kai hari, ta zauna daram. Tun harin hedikwatar 'yan sanda a Abuja a watan Yunin 2011 kuwa, yaro ƙarami ma in ka faɗe ta bam yake tunawa. Saboda haka kada a kuskura a jingina ta ga mara lafiyar da ya rasa ransa a hannunsa. Zalunci ne a kan iyalinsa.

Malamar Turanci: Bari in amsa tambaya ta biyu. Suicide haɗin gutsattsarin Latin biyu ne: sui, wato "na kai", da caedere, wato sara ko kashewa. Wutsiyar nan tana cikin homicide, kisan mutum, da genocide, kisan ƙare dangi, har da insecticide, maganin kashe ƙwari. Abin mamaki, Rumawa masu harshen ba su san kalmar ba. Su mors voluntaria suke cewa, mutuwar ganin dama. A Ingila aka ƙera ta a ƙarni na 17, kuma galibi ana danganta fara rubuta ta ga wani likita, Thomas Browne, a littafinsa Religio Medici na 1643. Kafin nan Ingilishi self-murder yake cewa, wato a fili yana kiran mutum mai laifin kisa, lauyoyi kuma suna cewa felo de se, wanda ya yi wa kansa babban laifi. Ba kowa ya yi maraba da sabuwar kalmar ba. Wani mai ƙamus na zamanin, Edward Phillips, ya kira ta kalmar banza, ya ce ta fi kama da an ciro ta daga sus, wato alade a Latin. Duk da haka ita ta yi nasara, kuma a ganina dalilin a bayyane yake: tana faɗin abin da ya faru ba tare da ta yanke hukunci ba.

Ɗan Maraɗi: Mu a nan da Faransanci muka yi karatu, kalmar ɗaya ce. Faransawa sun karɓe ta a ƙarni na 18, ta shiga ƙamus ɗin Académie française, hukumar kula da harshensu, a 1762. Sai dai su se suicider suke cewa, alhali sui ɗin ya riga ya faɗi "kai", to ya zama sun faɗa sau biyu. Na masu bam kuma kamikaze suke cewa, kalmar Japan, daga matuƙan jiragen yaƙin duniya na biyu. Su ma dai sun raba abu biyun kamar yadda Hajiya ta raba.

Almajirin Zaure: Na Larabci ma yana da labari. Intihar daga nahr yake, ƙasan wuya inda ake soke raƙumi. Shi ne a ƙarshen ayar Kausar, fasalli li rabbika wanhar, kuma ranar layya sunanta yaumun nahr. Amma Alƙur'ani bai yi amfani da intihar ba. A Suratun Nisa'i aya ta 29 cewa ya yi wa la taƙtulu anfusakum, kada ku kashe kawunanku. Ka ga irin ginin Hausa ne sak, fi'ili da "kai". Ni shi ya sa ban ga gurguntaka a "ya kashe kansa" ba.

Gaskiya Ɗaya: Ni duk wannan nahawun bai dame ni ba. Abin da nake gani shi ne ana so a sassauta abin da Allah ya tsananta. Yau a ce kada a faɗi kaza, gobe a ce ciwo ne, jibi yara su ɗauka ba komai. Wanda ya kashe kansa ya yi kisan kai, ya mutu kafiri, ko salla ba a yi masa. A kira abu da sunansa.

Mai Kula da Zaure: Ɗan'uwa, a tausasa harshe. Mutum dubbai ne a nan, ba ka san wa ke karantawa ba.

Maman Biyu: Ni ina karantawa. Ban taɓa rubutu a zauren nan ba sai yau.

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararsa 24. Ya fi wata shida ba ya barci, ya daina zuwa majalisa, ya daina cin abinci da mu. Da asuba in na leƙa ɗakinsa sai in same shi zaune kan darduma, fitila a kashe, tuwon dare na nan a rufe yadda na ajiye. Muka ce aljanu ne, aka yi ruƙiyya. Muka ce sammu ne, aka yi hayaƙi. Wasu suka ce lalaci ne, a yi masa aure. Sau biyu ya ce mini, "Yaya, na gaji." Na ce masa ya yi ta istigfari, kowa ma a gajiye yake. Wannan amsar tawa har yau ita nake ji in na kwanta.

Ranar da abin ya faru, kafin azahar hotonsa ya zaga WhatsApp, wani shafi ya rubuta wai matashi ya sheƙa barzahu da hannunsa. Mahaifiyarmu ba ta iya karatu ba, amma wata mai zuwa gaisuwa ta karanta mata. An yi masa salla, alhamdu lillahi, sai dai sahu biyu ne ba su cika ba, a unguwar da aka haife shi. Wajen zaman makoki mata su shigo su zauna, su ce "ya haƙuri", su yi shiru. "Allah ya jiƙansa" ɗin nan da ake yi wa kowa, har ɓarawo, mutane suka riƙa haɗiye ta. Shekara huɗu ke nan, in an tambayi Inna me ya same shi sai ta ce gajeriyar rashin lafiya. Malam Gaskiya Ɗaya, ban zo jayayya da kai ba, ban da ilimin. Ina so dai masu ilimi su gaya mini: haramun ne in ce Allah ya jiƙan ƙanena?

Almajirin Zaure: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya ba ku haƙuri. Na faɗa da bakina don ki san ba haramun ba ne.

Aikin kansa haramun ne, babban zunubi, ba malamin da ya yi saɓani. Hadisan azaba a kansa suna cikin Bukhari da Muslim, ba mai goge su. Amma kafirci magana ce daban. A Sahihu Muslim akwai hadisin Ɗufailu ɗan Amru Addausi. Wani mutumin ƙabilarsa ya yi hijira tare da shi zuwa Madina, ciwo ya kama shi, ya kasa jurewa, ya ji wa kansa rauni a hannu har ya rasu. Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali, hannuwansa kawai a lulluɓe, ya ce Allah ya gafarta masa saboda hijirarsa. Da aka ba Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, labari sai ya ce: ya Allah, hannuwansa ma ka gafarta musu. Imamu Nawawi ya ce wannan hujja ce cewa wanda ya kashe kansa bai kafirta ba, yana ƙarƙashin ganin damar Allah.

Batun salla kuma ba sai mun je nesa ba. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda muke karantawa a kowane zaure a ƙasar nan, ta ce ana yi wa wanda ya kashe kansa salla. Gaskiya ne an kawo wa Annabi irin wannan gawa bai sallace ta da kansa ba, malamai suka ce don tsawatarwa ne, amma bai hana sahabbai ba. Sannan ga hadisin ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da wanda hankalinsa ya gushe. Wa ya san inda hankalin yaron nan yake bayan wata shida babu barci? Allah kaɗai. Ayar Nisa'i ɗin ma da muke kafa hujja da ita, mu karanta ta har ƙarshe: innallaha kana bikum rahima.

Gaskiya Ɗaya: Hajiya Maman Biyu, ki yafe mini. Kalmar kafiri na janye ta, ban san hadisin Ɗufailu ba, Allah ya jiƙan ƙanenki. Amma tsorona yana nan. In aka cire wa abin muni a baki, ba za a sauƙaƙa wa wani yaro shi ba?

Sista Mai Aikin Dare: Tambayarka tana da kyau, Malam, kuma an bincika ta. Shekara 11 ina aiki a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Abin da ke jan wani ya kwaikwaya shi ne yayatawa: babban kanu, hoto, bayanin yadda aka yi dalla-dalla, da ɗora abin kan dalili ɗaya, wai don budurwa ta ƙi shi ko don ya faɗi jarrabawa. Yaron da ke cikin irin halin sai ya ga kansa a labarin. Wani masanin zamantakewa a Amurka, David Phillips, ya nuna haka a 1974, cewa adadin yana ƙaruwa bayan jaridu sun buga irin labarin a shafin farko. A Biyana ta ƙasar Ostiriya kuma, da jaridu suka canza salon rahotonsu a 1987, mace-macen da suke ta yayatawa suka ragu ƙwarai. Tsangwama kuwa ba ta hana tunanin zuwa, bakin mai tunanin kawai take rufewa. Na sha zama da mara lafiya, sai a zuwa na uku ko na huɗu, bayan mahaifinsa ya fita sayen magani, zai sunkuyar da kai ya ce, "Sista, in na gaya miki wani abu ba za ki ce na kafirta ba?" Masu salla ne, wasu mahaddata. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma da yawa suna warkewa su koma harkokinsu.

Barista: Akwai wani ɓangaren da ba a taɓo ba. Abin da ya sa Turawa ke cewa commit suicide, da fi'ilin da suke ɗora wa fashi da kisa, shi ne a da a dokarsu laifi ne. A Ingila har dukiyar mamacin gwamnati ke ƙwacewa, sai 1870 aka daina, kuma har zuwa 1823 a mararrabar hanya ake binne shi. Sun soke laifin gaba ɗaya a 1961. Mu kuwa da muka gada daga gare su muna riƙe da shi: a kundin dokokin laifuka na Najeriya, sashe na 231 na Penal Code a Arewa, da na 327 na Criminal Code a Kudu, ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙuri bai mutu ba. Legas ta sauya nata a 2011, kotu asibiti take turawa. Ghana ta soke nata a 2023. Ku duba abin da wannan ke haifarwa: iyali su tsinci ɗansu da sauran numfashi, su tsaya shawarar ko a kai shi asibiti ko a ɓoye don tsoron 'yan sanda.

Malamar Turanci: Shi ya sa kafafen labarai da yawa suka bar commit ɗin. Kamfanin dillancin labarai na AP ya sa a ƙa'idar rubutunsa tun 2015 cewa a ce died by suicide ko killed himself, wato ya mutu ta wannan hanya ko ya kashe kansa. Mu kuma sai ga shi muna fassara tsohon da "ya aikata kisan kai", kuskure biyu a jimla ɗaya.

Malamin Nahawu: Daidai. Ga abin da nake gani, Mai Fassara. A jimla ka ce ya kashe kansa. In suna kake buƙata, kashe kai. Ka guji "ya sheƙa lahira", "ya aika kansa barzahu" da duk wani salon da ake yi wa ɗan fashin da aka harbe. Kada ka ce "ya yi nasarar kashe kansa", ba nasara ba ce. Wanda aka ceto ka ce ya yi yunƙuri an ceto shi.

Ɗan Maraɗi: Malam, ni "kashe kai" bai kwanta mini ba. A kunne ya yi kusa da kisan kai ƙwarai, musamman a rediyo da mutum ke ji yana tuƙi ko yana kasuwa. Kuma muna cewa kada ka kashe kanka da aiki, wane ya kashe kansa a siyasa. Me zai hana "halaka kai"?

Almajirin Zaure: Halaka tana da nauyin lahira a kunnen Bahaushe. In ka ce wane ya halaka, kamar ka yanke masa makoma ne. Ni ba zan so a karanta wa Innar su Maman Biyu wannan ba.

Hajiya Kaka: Mu dai da, in irin wannan ta faru, ba a kiran sunan abin. Sai a ce wane ya yi wa kansa, a yi shiru. Kunya ce da tausayi a haɗe. Amma yanzu da na ji Sista, ina ganin shirun nan namu ma ya ci mutane.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai, na samu fiye da abin da na zo nema. Gobe da safe zan sa a gyara: "ranar hana mutane kashe kansu ta duniya". Ta fi tsawo, amma dattijon nan zai gane. Na kuma roƙi shugaban sashenmu a ba mu minti 15 ranar Asabar. Sista, ko za ki zo? Malam Almajiri, kai ma, da hadisin nan.

Sista Mai Aikin Dare: Zan nemi izini a wurin aiki, in an ba ni zan zo. Kafin nan, duk wanda ke karanta wannan yana jin irin gajiyar da ƙanen Maman Biyu ya faɗa, don Allah ka gaya wa mutum ɗaya yau, kada ka bari sai gobe. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Ba sai mutum ya fita tsirara ake zuwa ba, rashin barci ma ya isa dalili. In kuma naka ne ya ce maka ya gaji da duniya, ka zauna ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin. Kada ka bar shi shi kaɗai, ka kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, ka raka shi asibiti da ƙafarka.

Maman Biyu: Na karanta wa Inna abin da Malam Almajiri ya rubuta, har inda aka ce hannuwansa ma ka gafarta musu. Ta sa na maimaita mata sau uku. Ta ce in tambaya ƙarfe nawa za a sa shirin ranar Asabar.

Mai Fassara: Ƙarfe tara na safe in Allah ya yarda, Yaya. A gaida Inna.